Hilux ɗin da ta ƙara haske ta rage gani: nazarin sauya fitila zuwa LED a Damagaram

Motar Toyota Hilux ce mai ƙofa biyu, irin ƙirar da aka riƙa yi tsakanin 2005 da 2015, injinta na gazuwal. Mai ita wani Alhaji ne ɗan kasuwar hatsi da ke zaune a Zango, cikin garin Damagaram, direbanta kuma ɗan ƙanensa ne. Aikinta kwaso wake da gero da riɗi daga kasuwannin ƙauye, wani lokaci ta hanyar Tanut har Bakin Birji, wani lokaci ta kudu wajen Matameye da Magarya. Da hantsi take fita wayam. Kafin a gama ciniki, a yi awo, a ɗinke buhuna, a yi lodi, magariba ta yi. Ke nan duk dawowarta a cikin duhu ne, kuma da kaya a bayanta.

Bayan kaka direban ya fara kukan cewa fitila ba ta gani. Kukan nasa gaskiya ne. Da zarar ka bar fitilun gari, hanyar Tanut ba ta da wani haske sai naka, ga manyan tankoki masu zuwa da dawowa daga matatar mai ta SORAZ da ke wajen kilomita 50 arewa da gari, ga babura, ga amalanken shanu da ba su da ko ƙyallen da zai ɗauki ido, ga jaki da raƙumi da ba sa neman izinin kowa kafin su hau kwalta. Fitilar motar kuwa ta koma ja-ja, gilashinta ya yi rawaya. Abokansa direbobi duk sun koma farin ƙwai, shi ma ya ce a sayo masa.

Abin da aka saya

Aka sayo ƙwan LED guda biyu nau'in H4, wato mai ƙafa uku da ke yin kod (hasken kusa) da far (hasken nesa) a ƙwai ɗaya. A jikin kwalin an rubuta watt 120, lumen 20,000, da 6500K. Kowane ƙwai sanda ce mai kusurwa huɗu, ƙwayoyin LED a kowace fuska, da ƴar fanka a ƙeya. Yaron shago ne ya ɗaura su a bakin titi da rana tsaka. Da ya jona, ba su kama yadda ya kamata ba, sai ya zaro wayoyin soket ya riƙa musanya su har suka kama. Robar da ke rufe bayan fitila ta ƙi komawa saboda fankar ta tokare ta, ya cire ta ya miƙa wa direba, direba ya jefa ta bayan kujera.

Daren farko a cikin gari kowa ya yaba. Fari fat, har ana tsayawa kallo. A kan hanya ne labari ya sha bamban. Duk motar da ta taho sai ta yi ta ƙyafta masa fitila, shi kuwa yana kan kod. Masu tanki ba sa ƙyaftawa ma, sakar masa duk abin da suke da shi suke yi, sai ya rage gudu ya rakuɓe. Shuɗiyar alamar far da ke kan tablo ta daina kamawa. Rediyo ya soma shuuu duk lokacin da aka kunna fitila. Shi kansa direban ya kasa gane abin da ke damunsa, sai dai ya ce wa Alhaji, "Baba, gaban mota fari ƙal, amma can nesa ba na ganin komai."

Da hazo ya sauka abin ya ƙara lalacewa. Wani dare suna dawowa daga Bakin Birji da buhu goma na wake, wani mai babur da ya goyo mutum ya taho ta gabansu, hasken ya rufe masa ido, ya kasa ganin bakin kwalta, ya faɗa rairayi suka zube. Allah ya kiyaye, ƙurjewa ce kawai. Alhaji ya biya kuɗin magani ya ba da haƙuri. Ba a jima ba kuma direban ya kusa hawa bayan wata amalanke da bai gani ba sai da ya zo dab da ita. A nan ne aka kai motar wurin wani dattijo mai gyaran wayar mota.

Abin da bango ya nuna

Dattijon bai buɗe komai ba da farko. Ya ce, "Alhaji, a bar ta ta kwana. Ba a duba fitila da rana." Bayan isha ya sa aka ajiye motar a wuri mai shimfiɗa, tana fuskantar wani dogon bango, tazarar mita 10. Ya duba iskar tayu, ya auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ya samu santimita 90, ya ja layi da gawayi a bangon daidai wannan tsayi. Sannan ya ja wani layin santimita 10 ƙasa da na farko.

Layi na biyun yana da dalili. Hasken kod ba a miƙe yake tafiya ba, sunkuyawa yake yi kaɗan, kuma yawancin kamfanoni suna buga adadin sunkuyon a jikin gidan fitilar, 1% ko sama da haka kaɗan. Kashi 1 cikin 100 na nufin a kowace mita 10 hasken ya sauka da santimita 10. Lafiyayyen kod idan ya bugi bango za ka ga iyaka a fili, ƙasa haske, sama duhu, sannan daga tsakiya iyakar ta ɗaga ta yi sama ta ɓangaren dama da kusurwar digiri 15. Ɗagawar nan don a ga mai tafiya a ƙafa da dabba a gefen hanya ne. Hagu kuwa a kwance take, domin ta nan mai tahowa yake.

Da aka kunna, babu iyaka ko kaɗan. Farin haske ne ya watsu a bangon tun daga ƙasa har sama da kan mutum, da tabo-tabo masu duhu a tsakiya, daidai wurin da ya kamata hasken ya fi taruwa. Da aka juya zuwa far, siffar ba ta wani canza ba.

Dalilin yana cikin yadda ake ƙera fitilar. Ƙwan halojin na H4, irin wanda aka cire daga motar, yana da zare biyu na ƙarfe, na far mai watt 60, na kod mai watt 55. Kowane zare bai fi girman ƙwayar shinkafa ba, kuma an dasa shi a wani takamaiman wuri da kuskuren milimita ɗaya ke ɓata shi. A ƙarƙashin zaren kod akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da ke tare hasken kada ya sauka kan ƙasan madubin ciki, saboda duk hasken da ya bugi ƙasan madubin sama yake tashi. Madubin nan mai sheƙi da ke bayan ƙwai, kowane lanƙwasa nasa an lissafa shi ne a kan wannan ɗan zaren. Idan ka cire shi ka sa sanda mai kauri da ke fitar da haske ta fuska huɗu, daga wurare da yawa, madubin zai ci gaba da aikinsa na mayar da haske, amma zuwa inda ba a nufa ba. Wani ya tashi sama ya shiga idon mutane, wani ya zube a gindin mota.

Wanda ya zube a gindin mota shi ne ya yaudari direban. Idan mita goma na gabanka suka yi fari ƙal, ƙwayar ido tana tsukewa ta daidaita da wannan hasken, sai abin da ke mita 60 ya ƙara nutsewa cikin duhu. Mai gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta kai ga birki, ya ci sama da mita 30, birkin kansa kuma yana son wasu mita 35 a kan busasshiyar kwalta, ban da nauyin kaya. Hasken da bai nuna maka amalanke tun tana mita 70 ba, duk farinsa, bai yi maka aikin da ka saye shi dominsa ba. A cikin hazo kuma, wanda ya tashi sama yana bugun ƙurar da ke daidai saitin idon direba ya dawo masa.

Su kuwa lambobin kwali, mitar awon wuta ta ƙaryata su nan take. Kowane ƙwai amfiya 2 yake ja a kan volt 14, watt 28 ke nan, ba 120 ba. Ko an yi masa alfarma an ce kowane watt yana ba da lumen 130, bai kai 4,000 ba. A takarda dai ya fi halojin, wanda kod ɗinsa lumen 1,000 ne, far kuma 1,650. Amma lumen yawan abin da ya fito daga ƙwai yake faɗa, ba ya faɗar inda ya sauka. Ita kuma 6500K launi ce kawai, fari mai ratsin shuɗi, halojin yana wajen 3200K. Fari mai shuɗi ya fi sukar idon mai tahowa ko da ƙarfinsu ɗaya. Dattawan direbobi a nan suna tuna Fijo 404 da 504 masu rawayar fitila, waɗanda suka zo da ita daga Faransa, inda doka ta wajabta rawayar fitila tun ƙarshen shekarun 1930 har zuwa 1993, kuma rage ɗaukar ido na cikin hujjojinta.

Cutar da aka bari aka yi maganin wata

Dattijon ya mayar da tsofaffin ƙwayayen halojin, waɗanda sa'a direban bai yar ba, ya mayar da wayoyin soket mazauninsu. Nan da nan shuɗiyar alamar tablo ta dawo, rediyo ya yi shiru. Wayarin fitila na irin wannan Toyota ya saɓa da na motoci da yawa: wuta tana zaune a ƙafar da zare biyun suka yi tarayya, makunnin sitiyari kuma mas, wato hanyar komawar wuta ta jikin ƙarfen mota, yake ba wa zaren da ake so. Halojin bai damu da ta ina wuta ta shigo ba, LED kuwa ya damu, shi ya sa yaron shago ya yi ta musanye-musanye. Alamar far ɗin ma ta jikin zaren halojin take samun hanya, da aka cire zaren ta rasa ta. Ƙarar rediyo kuma daga ɗan akwatin da ke daidaita wa LED wuta take fitowa.

Sai aka koma ga kukan farko, wanda ba wanda ya bincika kafin a je shago. Inji yana aiki, batir yana nuna volt 14, amma a ƙafar ƙwai 11.6 kawai ake samu. Sama da volt 2 sun ɓace a hanya, a soket ɗin da ya ƙone ya yi baƙi, da makunnin da ya yi datti, da wayar mas da ta yi tsatsa a inda aka ɗaure ta. Halojin a kan volt 13.2 ake auna haskensa, kuma ba ya yafe ragin wuta: a rage masa kashi 10 cikin 100, haske ya ragu da kusan kashi 30. A 11.6, sama da kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Ga jan da direban yake gani.

Gilashin kuma, wanda a gaskiya roba ce, rana da yashin Damagaram sun ci fatarsa. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi gwaji a 2018 ta samu cewa fitilar da ta dushe ta yi rawaya sosai tana iya ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar kacal na hasken sabuwa. Ta Alhaji ba ta kai can ba, amma ta kama hanya.

Akwai kuma abin da ba wanda ya zata. Ko da halojin, fitilar hagu ta ɗaga iyakarta ta ɓangaren hagu maimakon dama. Dattijon ya haska gilashin da tocila ya nuna wata ƴar kibiya a kwance kusa da lambobin da aka buga. Wannan kibiya mai kai ɗaya alama ce ta fitilar da aka yi wa ƙasashen da ke tuƙi a hagu, irin su Ingila da Ostareliya da Tailan. Nijar a dama ake tuƙi, Najeriya ma ta koma dama tun 1972. Alhaji ya tuna cewa an taɓa canza fitilar bayan motar ta bugi saniya, ta hannu aka sayo. Tun daga ranar tana aika haske cikin idon masu tahowa, raunin ƙwan ne ya rufa mata asiri. Da aka sa mata mai ƙarfi, asirin ya tonu a kan mai babur.

Lodi

Ko da an gyara duk waɗannan, da sauran magana, kuma a ganina ita ce mafi nauyi ga duk mai motar ɗaukar kaya. Kashegari aka kawo motar da buhu goma a baya, kusan tan ɗaya, aka sake tsayar da ita a gaban bangon. Bayanta ya zauna da wajen santimita 6. Tsakanin tayar gaba da ta baya a wannan ƙirar mita 3 ne da ƴan kai, saboda haka zaman santimita 6 yana ɗaga hancin motar da kusan kashi 2 cikin 100. Fitilar da aka saita ta sunkuya da kashi 1 tana wayam, yanzu sama take kallo da kashi 1. A mita 50, iyakar hasken da ta fito daga santimita 90 ta kai mita 1.4. Idon mutumin da ke zaune a kan babur a nan yake.

Ƙa'idar fitilun Turai ta san da wannan. Kod ɗin da ƙwansa ya haura lumen 2,000 ana haɗa shi da abin wanke gilashi, kuma motocin da suka fito daga kamfani da irin wannan haske mai ƙarfi suna zuwa da na'urar da ke sunkuyar da fitila da kanta idan baya ya zauna. Gidan fitilarsu ma tun asali don irin ƙwan da ke cikinsa aka zana shi. Batun sa ƙwan LED a gidan halojin kuwa, Jamus ba ta amince da shi ba sai a 2020, shi ma wani ƙwai ne takamaimai, a cikin jerin motocin da aka gwada shi a kansu ɗaya bayan ɗaya. Ingila daga 2021 ta fara kayar da irin wannan sauyi a gwajin lafiyar mota na shekara. Ba ƙin sabon abu ne ya sa su haka ba, abin da bangon nan ya nuna ne suka gani a ɗakunan gwajinsu.

Shawarar da aka yanke

Alhaji bai so a koma halojin ba. Ya riga ya kashe kuɗi, kuma farin yana burge shi. Ya ce, "Malam, duk gari an koma wannan, mu kaɗai za mu koma baya?" Dattijon bai yi musu da shi ba, ya aika aka aro wani ƙwan LED mai tsada, siriri, mai fuska biyu, ƙwayoyinsa a daidai mazaunin zare, har da ɗan murfin da ke kwaikwayon ƙoƙon kod. Gaskiya ya fi na farko nesa ba kusa ba. Iyaka ta fito a bango, sai dai da ɗan feshi a samanta, far ɗinsa kuma bai taru a tsakiya kamar na halojin ba. Wanda ya nace sai LED, irin wannan ya kamata ya nema, ya juya shi ƙwayoyin su kalli hagu da dama, ya kuma gwada a bango kafin ya biya.

Abin da ya kayar da shi a wannan motar zafi ne da ƙura. LED ba ya zafi ta gaba, ta ƙeya yake yi, kuma idan zafin ya yi yawa ko ya rage haske da kansa ko ya mutu. Rayuwarsa tana hannun ƴar fankar nan. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, a bayan fitilar da ke maƙwabtaka da inji, a motar da ke bin hanyoyin rairayi zuwa kasuwannin ƙauye, fankar ba za ta yi nisa ba. Ta ƙwan farko ma da aka hura ta, ƙasa ce ta fito. Sannan idan halojin ya ƙone a Magarya, za ka samu wani a Magarya.

Aka tsaya a kan haka. An canza soket biyu, an wanke makunni, an kankare mazaunin mas, wuta a ƙafar ƙwai ta haura 13. An sa sabon halojin 60/55 na kirki, ba mai watt 100 da ke narkar da soket ba. An sayo fitilar hagu wadda ba ta da kibiya. Ta dama an goge gilashinta da samfefa mai laushi da ruwa, daga mai kaushi zuwa mai santsi, aka shafa mata abin kariya daga rana, domin in ba a shafa ba cikin ƴan watanni za ta koma gidan jiya. Robobin baya sun koma mazauninsu.

Don nesa kuma, aka ɗaura ƙananan fitilun LED guda biyu a gaba, waɗanda gidansu da madubinsu nasu ne, da rele da fiyus nasu daban. Dattijon ya ƙi yi musu makunni mai zaman kansa. Ya jona su ta yadda ba sa kamawa sai an ba da far, da an dawo kod su mutu tare da shi. Direban ya so a bar masa zaɓi, Alhaji ya goyi bayan dattijon. Ni ma ina bayansa, domin rabin azabar da ake sha a hanyar Tanut da dare daga irin waɗannan fitilun ne da aka bari a kunne.

Saiti kuwa da lodi aka yi shi, buhu goma a baya, tunda da haka motar take tafiyar dare. Illarsa ita ce idan tana wayam hasken kod yana faɗuwa kusa, wajen mita 30, wanda ya isa yawon cikin gari amma bai isa gudun hanya ba. An nuna wa direban sukurun saitin, aka kuma ja masa layi biyu a bangon sito don ranar da tafiyar dare ba kaya ta kama shi. Tun daga nan masu tahowa sun daina ƙyafta masa fitila, sai ɗai-ɗai idan ya makara wajen sauke far.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Makonnin da fitilar dama ta yi ba roba, fanka tana zuƙo mata iska, ƙura ta shiga ta kwanta a kan madubin ciki. Sheƙin madubin wani siririn shafe ne na alminiyam da ko yatsa ke gogewa, ba a sa masa tsumma. An hura abin da zai huru, saura ya zauna, kuma a bango ana ganin dama ta fi hagu rauni. Sai an canza ta gaba ɗaya, Alhaji ya ce a jira ya sayar da waken da ya ajiye.